Kunkuru Mai Ƙafafu a Gadon Baya

Shekara bakwai Aporosa ya yi a Ostareliya, ya dawo garinmu Tavuloa na bakin teku da akwati mai taya, da baƙin tabarau, da baki. Akwatin bai kwana uku ba yashi ya cinye tayoyinsa. Tabarau kuwa tun daga bakin ruwa Kawu Isikeli, mai gari, ya sa ya cire, don ba a shiga garinmu da shi a fuska. Bakin ne dai aka rasa mai cire masa.

A faɗarsa, manaja ne na wani otal. Hawan otal ɗin kuma yakan ƙaru ne gwargwadon yangonar da ya sha, wato dakakkiyar saiwar da maza ke damawa da ruwa su sha a zaman yamma: a ƙoƙon farko hawa ashirin ne, kafin a tashi ya kai sittin, har da jirgi mai saukar ungulu a kan rufi.

Ya dawo ya tarar da gari cikin wani hali. Shekara biyar ke nan da matan gari, Gwaggo Ulamila matar Kawu na gabansu, suka matsa har aka kafa sanduna a teku aka ɗaura musu ganyen kwakwa. Daga wannan sanda zuwa waccan tabu ne: ba ƙugiya, ba koma, ba mashi. Maza sun yi gunaguni, sun ci rogo da kifin gwangwani har ya gundure su. Amma kifi ya dawo, ciyawar ƙasan ruwa ta yi shar, kunkurun teku suka fara zuwa kiwo. Yanzu ga wata mata, Misis Pilai, daga ofishin wani ƙaramin jirgin masu yawon buɗe ido a birnin Suva, za ta zo ranar Alhamis da baƙi shida ta gane wa idonta. In ta gamsu, jirgin zai riƙa tsayawa duk mako biyu, mata su sayar da abinci da tabarmi, samari su sami abin yi a gida. In ba ta gamsu ba, maza sun riga sun faɗa a gaban kowa: ranar Juma'a za su tuge sandunan su shiga da koma.

Ga shi kuma tun guguwar da aka yi kwana tara baya, ko kan kunkuru ɗaya ba a gani ba.

Ran Talata aka taru a zauren gari. Torika, 'yar Kawu, ita ce mai auna kunkuru da sa musu lamba, ita ce kuma taubashiyar Aporosa, wato wadda Allah ya halatta wa cin mutuncinsa. Ta ce, "Mu faɗa wa matar gaskiya. Ruwa ya gurɓace, sun ja baya, za su dawo. Mu nuna mata littafina."

Aporosa ya yi wata dariya ta tausayi. "Littafi! Mutum ya taso daga Jamus ya zo kallon littafi? Jama'a, ni na san baƙo. Baƙo ba ya son ya ji wataƙila. Na riga na aika wa matar saƙo, na ce kunkuru tabbas ne, ƙarfe goma daidai."

Gwaggo Ulamila ta ajiye saƙar da ke hannunta. "Ka ce mata me?"

"Ƙarfe goma, Gwaggo. Haka ake yi a manyan wurare."

Torika ta ce, "To, Manaja, su kunkurun ka aika musu nasu saƙon? Ko ba ka da lambarsu?"

"Ke dai yi ta ba'a. A otal ɗinmu akwai tafki a hawa na arba'in, kifayen ciki da fito nake kiransu."

"Jiya a hawa na goma tafkin yake."

"Biyu ne."

Kawu Isikeli ya kalli Aporosa, ɗan ƙanwarsa, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, ka san abin da ke kan wannan ranar?"

"Kawu, ka sa a ranka an gama. In ƙarfe goma ta yi ba kunkuru, a aske mini gashi da ɓawon kawa."

Torika ta ce, "Ina da guda a ajiye."

Shi dai Aporosa vasu ne, ɗan ƙanwar mai gari, kuma abin da vasu ya ɗora wa ido a gidan kawunsa ya zama nasa, ba tambaya, ba hani. Tun dawowarsa ya ɗauke rigar cocin Kawu, da rediyo, da zakara biyu. Saboda haka ran Laraba da rana, da ya leƙa ya tarar Kawu na gyangyaɗi a tabarma, ya ce, "Kawu, na ɗauki wani ɗan abu a ɗaki," ko ido tsohon bai buɗe ba.

"Ɗauki. Ka dai bar mini rufin gidan."

Ɗan abun shi ne akushin yangona na gari. Zaman yau da kullum a robar wanki ake damawa, wannan kuwa sai babban baƙo ake sauko da shi. Faɗinsa ya kai mutum ya buɗe hannuwa, an sassaƙa shi da siffar kunkuru, ga kai ga wutsiya, ga igiya mai fararen wuri a gaba, ga gajerun ƙafafu huɗu a ƙasa da yake tsayuwa a kai. Aporosa ya lulluɓe shi da zane ya bi ta bayan gidaje har rumfar Sairusi mai kwalekwale.

Sairusi ya dawo daga gona ya tarar da shi tsugune da yashi da soson kwakwa, yana ta dirzar cikin akushin yana fito.

"Kai! Kai! Me kake kankarewa?"

"Dauɗa. Dubi yadda ya yi shuɗi-shuɗi. A nan zan sa kaina."

"Mutumina, wannan ba dauɗa ba ce, wannan..." Ya leƙa, ya ga an riga an gama, cikin ya yi fes kamar yau aka sassaƙa. Ya dafe kai. "Ni ban zo ba. Ban gani ba. Ina gona."

"Zauna ka ji. Gobe da sassafe ka kai ni wajen sanda ta uku. Zan kifa shi a kaina, in shaƙi iska da wannan karan gwandar. Baƙi su iso ƙarfe tara, a ba su yangona rabin awa, ƙarfe goma ka kawo su a kwalekwale, ka tsaya daga nesa. In ɗago sau uku, in nutse. Su ɗau hoto, matar ta sa hannu, ni manaja, kai kyaftin. Har farar hula zan sa a ɗinka maka."

Farar hular ta shiga ran Sairusi. Ya kifa akushin ya ja da baya yana dubawa. "Amma fa kunkurun naka ƙafafunsa a gadon baya suke."

Aporosa ya duba. Lallai ga su nan huɗu, tsaye cirko-cirko suna kallon sama.

"Ciyawar teku za mu naɗa musu. Baƙo daga nesa me ya sani?"

Alhamis da hantsi Sairusi ya sauke shi a sanda ta uku. Ruwa a cike, har wuya. Aporosa ya ɗaure ƙugunsa da sandar don kada ruwa ya tafi da shi, ya kifa akushi, ya ce bari ya gwada nutso. Nan ya gano abu na farko: akushi ba ya nutsewa. Ya ja, ya rataya, ya naɗe ƙafafu, akushin na nan a sama yana rangaji abinsa. Ya ce ba komai, kunkurun da ke shan hantsi ma kunkuru ne.

Ƙarfe tara ya ji ƙarar injin baƙi, ya ji mata sun ɗauki waƙar maraba. Ya duba agogonsa mai ruwan zinariya, ya yi murmushi. Tara da rabi sai ya ji gangar itace ta gari ana dukanta ba ƙaƙƙautawa, irin dukan gobara. Goma ta yi, ta wuce. Goma da kwata ga kwalekwale. Aporosa ya shige ƙarƙashin akushi ya fara rangaji mai kyau, har da ɗan juyi.

"Bar wahalar da kanka, ni kaɗai ne," in ji Sairusi.

Ya ɗago gefen akushin. "Ina baƙin?"

"Suna zaure a kan tabarma. An shiga ɗaki ɗauko akushi, sai ƙusar da ake rataye shi. Kawunka ya ce baƙon farko ba zai sha yangona a robar wanki ba ko sama za ta faɗo. Baƙon da bai sha ba kuma ba ya taka ruwanmu, ka sani."

Ya sani. Kowane yaro a Tavuloa ya sani. Shi dai da yake tsara rabin awar shan yangona, bai taɓa tambayar kansa a cikin me za a dama ba.

"To su dama a tukunya mana!"

"Je ka faɗa masa. Ko ka miƙo akushin nan, in ce a bayan coci na tsinta."

Aporosa ya kalli cikin akushin da ke ta ƙyalli. Ya tuna ɓawon kawar Torika. "In na ba ka, da me zan yi kunkuru? Me suka yanke?"

"An aike ni garin ƙetare in aro akushinsu."

"Minti nawa?"

"Zuwa ashirin, dawowa ashirin."

"Yi maza, Kyaftin."

Sairusi bai yi ƙarya ba, tsakiyar ce kawai bai lissafa ba. Ba a zuwa aron akushi hannu rabbana. Sai an kai saiwar yangona, an yi jawabi, an amsa jawabi, an daka, an dama, an sha. Mutanen ƙetare kuma abokan wasanmu ne, ba za su saki akushi ba sai kowane tsoho ya tambayi me ya sami namu, ya yi dariya ya more. Sairusi kuwa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa mayar da ƙoƙo da saura ba.

Aporosa ya ci gaba da jira. Iska na kawo masa labarin gari guntu-guntu. Ya ji muryar Kawu yana ba baƙi tarihin Tavuloa tun daga kwalekwalen farko. Ya ji Fasto ya yi addu'a, aka ce amin, ya sake wata. Ya ji matan coci sun rera littafin waƙa daga bango zuwa bango, sun koma shafin farko.

Sha ɗaya da rabi wasu ƙananan kifaye suka gano gashin ƙafarsa. Shekara biyar ba wanda ya tsorata su, ba su san kunya ba. Sha biyu wani farin tsuntsu ya sauka a kan ƙafar akushin, ya tsattsage ciyawar da aka naɗa, ya kira 'yan'uwansa uku, kowa ya kama ƙafa ɗaya. Da suka tashi sun bar masa fenti.

Sha biyu da rabi wani macijin ruwa mai zane baƙi da fari ya taso shan iska, ya ga inuwa, ya leƙo cikin akushin. Suka yi ido huɗu. Aporosa ya tuna an ce ba sa sara sai an tsokane su, ya kuma tuna wanda ya faɗa masa hakan Sairusi ne. Ya buɗe baki a hankali ya ce, "Yallaɓai, ni ma baƙo ne." Macijin ya zaro harshe, ya zagaya wuyansa sau ɗaya kamar mai gwada masa sarƙa, ya tafi. Abin da ya faru da wandon Aporosa a lokacin, teku ta rufa masa asiri.

Sai kuma ya lura ruwan da ke wuyansa ya koma ƙirji.

Shekara bakwai yana duba lokaci a hannu, ya manta a nan teku ce ke da agogo. Ƙarfe ɗaya ruwa na cibiya, ya durƙusa. Ƙarfe biyu yana gwiwa, ya zauna dirshan. A nan ne kwalekwalen Sairusi ya wuce ta mashigi yana tafiyar hawainiya, akushin aro a gaba, Sairusi a baya ido rabi a rufe. Aporosa ya yi ta ɗaga hannu. Sairusi ya ɗaga masa shi ma cikin ladabi, ya wuce.

Ya so kwance igiyar ya gudu. Ƙullin ya sha ruwa ya kumbura, yatsunsa kuma sun yi laushi kamar dafaffiyar gwaza. Ƙarfe uku ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Ya kwanta rub da ciki a taɓo, ya ja akushi ya rufe kai da baya, ya tura ƙafafu cikin ciyawa, ya ce in Allah ya so daga nesa za su tsaya.

Da yake ba ruwan da kwalekwale zai bi, da ƙafa suka zo. Torika a gaba da jakar awonta, Misis Pilai a bayanta fuska ba annuri, sai baƙi shida suna ɗingishi don zaman tabarma na awa biyar ya kashe musu ƙafafu. Kawu da Gwaggo da rabin gari na biye.

Wata tsohuwa Bajamushiya ce ta fara hangowa. Ta ƙwalla ƙara. "Wayyo! Ga shi can! Ya kife! Ƙafafunsa a sama! Zai mutu!"

Kafin a ce me, baƙi shida sun manta da ɗingishi, sun zuba a guje cikin taɓo. Torika ta riga su isa. Ta ga ƙafafu huɗu na itace. Ta ga igiya. Ta ga wani hannu ya ɗan leƙo daga ƙasa, da agogo mai ruwan zinariya. Ta tsuguna kamar mai dubawa, ta yi magana ta cikin haƙora.

"Aporosa. In ka motsa, na kashe ka. In ba ka motsa ba ma zan kashe ka, amma sai baƙi sun tafi."

Daga ciki aka ce, "Taubashiya, rufa mini asiri."

"Asirin uwata nake rufawa, ba naka ba." Ta miƙe ta buɗe hannuwa. "Jama'a, a ja baya! Hutawa yake. Wannan irin ba ya son a matso."

"Amma a kife yake!" in ji tsohuwar, har da hawaye.

"Haka yake kwanciya."

Wataƙila da an tsira. Amma mutumin da ya yi awa bakwai a ruwa ba shi da iko da hancinsa. Atishawar ta taso tun daga cibiya, akushin kuma ya ƙara mata amo, ta fito kamar an buga ganga.

Baƙi suka kalli juna. Wani dogon Bature ya ce, "Kunkuru na atishawa?"

Torika ta ce, "Wannan yakan yi."

"Ba shi da lafiya! A juya shi!" in ji tsohuwar. Dogon da wani ƙaƙƙarfa suka kama ƙafa bibbiyu, suka ƙirga uku, suka ɗaga da ƙarfin da za a ɗaga kunkuru mai nauyin mutum biyu. Akushi ya taso fayau, su biyun suka zube a taɓo ta baya.

Ga Aporosa kwance, karan gwanda a baki, fata ta yamutse kamar ta jaririn ɓera, ciyawa a ka, igiya a ƙugu. Ya dubi baƙi. Ya dubi gari. Ya zare karan gwandar, ya gyara murya.

"Barkanku da zuwa Tavuloa. Ni ne manaja."

Torika ta ga abin da take karewa ya riga ya zube, ta ce to bari ta ci ribar ranar. Ta zaro tef ɗin awo ta shimfiɗa a bayansa. "Ku matso, yanzu kam ba ya cizo. Namiji ne. Irin masu ƙaura ne, sukan tafi Ostareliya shekara bakwai su dawo inda aka ƙyanƙyashe su ba su ƙaru da komai ba. Tsawo, daidai misali. Baki, tef ɗina bai kai ba."

Baƙi suka fashe. Matan gari suka riƙe ciki, wata ta zauna a ruwa. Mutum uku ne ba su yi dariya ba: Kawu, da Gwaggo, da Misis Pilai.

Kawu Isikeli ya tsinci igiyar wuri daga taɓo, ya bi ta har akushin, ya juya shi. Ya daɗe yana kallon cikin. Ya sa yatsa ya shafa.

Torika ta leƙa ta kafaɗarsa. "Kai, an iya wanki! Baba, dubi, ko lungu ba a bari ba. Taubashi, a otal ɗin naku manaja ne ke wanke kwanuka? Wannan hannun ya daɗe a kumfa."

Misis Pilai ta rufe littafinta. "Shekara goma sha biyu ina wannan aiki. An nuna mini kunkuru a keji. An nuna mini wanda aka ɗaure da igiya a ƙafa. Yau ne na fara ganin mai agogo. An ce mini mutanen gari ke riƙe da wurin nan da gaskiya, shi ya sa na zo."

Gwaggo Ulamila ta matso, zanenta jiƙe har gwiwa. "Baiwar Allah, dube shi da kyau. In da gari ne ya shirya yi miki ƙarya, wannan za mu aika?"

Misis Pilai ta dube shi. Bakinta ya ɗan motsa, ta danne. "Ku yi haƙuri, Mama. Mu za mu koma."

Ta juya ta nufi gaɓa, baƙi na binta. Can suka tarar da kwalekwalensu zaune daram a kan yashi, teku ta yi nisa kamar ta yi fushi. Matuƙinsu na kwance a inuwarsa. Ya ɗaga hula ya ce, "Sai wajen ƙarfe shida."

Gwaggo ba ta roƙi kowa ba. Ta sa aka buɗe ramin da ake gasa abinci, aka fito da gwaza da kaza da ganyen gwaza cikin madarar kwakwa, ta ce mai fushi ma yana cin abinci. Torika ta ajiye littafinta kusa da farantin Misis Pilai: kunkuru tamanin da uku, kowanne da ranarsa da awonsa da lambarsa. Matar ta ci, tana buɗe shafi da hannun hagu. Daga baya mata suka ja baƙi dashen itatuwan bakin ruwa, tsohuwar nan ta dasa goma sha ɗaya ta raɗa wa kowanne suna. Can gefe kuwa maza sun fito da komarsu sun baza a yashi suna ɗinkin ɓaraka, a fili, don kowa ya gani.

Aporosa, da aka yanke masa igiya aka ba shi shayi, ya farfaɗo har ya fara matsowa wajen baƙi. "Abin da kuka gani ɗazu, a manyan otal ana kiransa..."

"Zauna a kututturen can," in ji Gwaggo. "In na ji ko tarinka, a ramin gashin nan za ka kwana."

Ya zauna.

Biyar da rabi ruwa ya dawo ya rufe ciyawa. Matuƙi ya fara tura kwalekwale. Misis Pilai ta tsaya a bakin ruwa da takalmanta a hannu, tana kallon sandunan. Gwaggo na gefenta, ita ma tana kallo, ba ta nuna komai ba. Masu ɗinkin koma suka dakata.

Kusa da sanda ta uku, daidai inda Aporosa ya wuni, wani ɗan kai ya ɓullo, bai fi dunƙulen hannu ba. Ya ja iska, ya koma. Can gaba kaɗan wani ya ɓullo.

Misis Pilai ta karɓi madubin hangen nesa daga wuyan dogon Baturen, ta saita, ta daɗe.

Torika ta ce, "Duba hannunsa da kyau, ranki ya daɗe. In da agogo, namu ne."

Dariyar da matar ta danne tun ƙarfe uku ta ƙwace mata, har sai da ta dafa kafaɗar Gwaggo. Da ta samu numfashi ta ce, "Wata uku, na gwaji. Wannan yarinyar ce za ta riƙa jagorantar baƙi. Kuma ba a yi wa kowa alkawarin ƙarfe goma." Ta nuna kututture. "Wancan kuwa, ranar da jirgi zai zo, ko wanka kada ya yi."

Mata suka rangaɗa guɗa. Maza suka naɗe koma, wasu na murna, wasu na tsaki.

Daga kan kututture aka ji murya ƙasa-ƙasa. "Sairusi, ka lura? In da ban riƙe su har yamma ba, da ƙarfe goma za su fita su dawo ba su ga komai ba. Kuma a ina kunkurun suka fito? Inda na wuni. Ni na kira su."

Washegari da la'asar Kawu ya aika a kira shi zaure. Dattawa na zaune, akushin na tsakiya, fari fat kamar ƙashi.

Kawu ya ce, "Vasu ne kai. Ka ce ka ɗauki abu, na ce ɗauki. Ba ni da bakin cewa ka yi sata. Akushi naka ne."

Aporosa ya saki numfashi. "Na gode, Kawu. Dama na san..."

"Kuma mai akushi shi ke dama wa gari. Daga yau an bar robar wanki. Kullum da yamma a nan za ka dama, har shuɗin da ka kankare ya dawo."

"Ai wannan mai sauƙi ne. Kamar kwana nawa yake ɗauka?"

"Kakana ya fara damawa a ciki. Babana ya karɓa. A hannuna ya fara nuna launi."

Dariya ta sarƙe wani tsoho, yana ta tari. Aporosa ya kalli akushi, ya kalli ƙofa, ya kalli teku ta taga, inda jirgin Suva kan wuce ran Asabar. Sa'an nan ya naɗe hannun riga, ya gyara zama a bayan akushin, ya karkata wajen Sairusi.

"Ka ji ko? Aikin dindindin. A can sai ka shekara goma kana bi kafin su ba ka irinsa."

Torika ta leƙo daga ƙofa ta jingina masa taɓaryar ƙarfe a kafaɗa.

"Manaja, ba a dama abin da ba a daka ba. Turmi na waje."